Yadda Aka Janye Ruwan Wani Daji A Borniyo Har Ƙasa Ta Kama Wuta

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Makka daga ƙasarmu ya ga mutanen Jawa, waɗansu mutane masu natsuwa da son tafiya a jere. Ƙasarsu ita ce Indunusiya, can gabas mai nisa, tsibirai ne fiye da 17,000, kuma tana cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya. Yau labarin wani daji na ƙasarsu za mu ba masu karatu, da yadda gwamnatinsu ta so ta mai da shi gonar shinkafa, da abin da ya biyo baya. Mun zaɓi labarin nan ne domin aikin da aka yi da kyakkyawar niyya aka fara shi, da kuɗi masu yawa, da manyan injuna, amma aka manta da tambaya guda, watau wace irin ƙasa ce wannan da za a noma, kuma me ke riƙe da ita.

Ƙasar Da A Ke Kira Gambut

A tsibirin Sumatara da na Borniyo, wanda mutanen Indunusiya ke kiran rabonsu na cikinsa Kalimantan, akwai wani irin daji mai dausayi wanda babu irinsa a ƙasar Hausa. Ruwan sama yana sauka a can kusan ko wane wata, ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ruwa ba ya samun hanyar wucewa da sauri. A gonakinmu, in ganye ya faɗi ko reshe ya karye, kafin damina ta zagayo gara da ƙwari da zafin rana sun gama da shi. To, a dajin nan ba haka abin ya ke ba. Ganye da rassa da saiwoyi da manyan kututture duk cikin ruwa su ke faɗawa, inda iska ba ta shiga. Ƙananan halittun da ke ruɓar da itace kuwa ba su iya aiki sosai sai da iska. Don haka abin da ya faɗi ba ya ruɓewa duka, sai ya yi ta taruwa, na bana bisa na bara, har ya zama wata baƙar ƙasa mai laushi kamar soso. Ita ce su ke kira gambut da harshensu.

Taruwar nan a hankali ta ke yi ƙwarai. Abin da ya kan ƙaru a shekara bai fi kaurin ƙwayar gero ba, watau kamar milimita 1 ko 2. Duk da haka akwai wuraren da zurfin gambut ya wuce mita 10, wanda ya fi zurfin rijiyoyi da yawa na garuruwanmu. Mai karatu ya yi lissafi da kansa, zai ga aikin dubban shekaru ne. In ka ɗebo ta da hannu ka matse, ruwa ne zai yi ta zuba, gama kusan kashi 9 cikin 10 na nauyinta ruwa ne. Ruwan kuwa baƙi-baƙi ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba, yana da tsami ƙwarai, kuma ba shi da abincin shuka sai kaɗan.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a riƙe, domin shi ne mabuɗin labarin duka. Gambut ba a kwance ta ke kamar tabki ba. Tsakanin kogi da kogi ta kan taru ta yi tudu, tsakiya ya fi gefe bisa, kamar ƙwaryar da aka kife. Ruwan da ke cikin tudun nan na sama ne kaɗai, kogi ba ya hawa can. Abin da ke hana shi zurarewa shi ne saiwoyin itatuwa, da tarin ganye, da ita kanta ƙasar mai kama da soso. Da damina ta kan shanye ruwa ta rage ambaliya, da rani kuma ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan cikin koguna.

Ƙasar Indunusiya tana da irin wannan ƙasa fiye da hekta miliyan 13, Malesiya kuma tana da wajen miliyan 2 da rabi, yawancinta a lardin Sarawak. Hekta guda kusan eka biyu da rabi ce. Cikin dajin akwai itatuwan katako masu tsada, da kifaye iri iri, da wani babban biri mai jan gashi wanda a ke kira orangutan, ma'anar sunan kuwa mutumin daji.

Masana sun ƙara gano wani amfaninta. Ko wane itace yana ɗauke da sinadarin gawayi, wanda a ke kira kabon, wanda ya zuƙo daga iska sa'ad da ya ke girma. In itacen ya ruɓe ko ya ƙone, sai kabon ya koma sama ya zama iskar nan da ke ƙara wa duniya zafi. Gambut kuwa rumbu ce ta kabon, tun da itacen da ke cikinta bai ruɓe ba. Irin wannan ƙasa, in an haɗa ta ƙasashen zafi da ta ƙasashen sanyi, ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ke cikinta ya fi na itatuwan dazuzzukan duniya duka.

Yadda Mutanen Wurin Su Ke Yi Da Ita

Kada a zaci dajin nan ba shi da masu shi. Kabilar Dayak sun daɗe suna zaune a bakin kogunansa. Su kan sari kara mai lanƙwasa na saƙar kujeru da kwanduna, su tatsi ƙaron wani itace mai suna jelutung, su yanki wata ciyawa mai suna purun su saƙa tabarmi. Su kan kuma haƙa ƙananan kududdufai waɗanda su ke kira beje, kifi ya shiga da damina, in ruwa ya janye su kama. Kabilar Banjar da ta Bugis kuma manoman shinkafa ne, amma sun san inda za su tsaya. Kusa da bakin kogi su ke noma, inda gambut ba ta da zurfi, inda kuma cikowar teku ke tura ruwan kogi cikin ƙananan lambatunsu, ya wanke tsamin ƙasa ya fita da shi. Tsakiyar tudun, inda zurfi ya ke, ba su taɓa shi da garma ko fartanya ba. Ba a makaranta suka koyi wannan ba, gado ne daga iyaye waɗanda suka gwada suka gani.

Ita ma gwamnati ta san haka, gama a 1990 ta kafa doka cewa gambut da zurfinta ya kai mita 3 a mafarin koguna da dausayi abin kiyayewa ce.

Babbar Gonar Shinkafa

Shinkafa ita ce tuwon mutanen Indunusiya, kamar yadda gero da dawa su ke a wurinmu. A 1984, zamanin Shugaba Suharto, ƙasar ta noma abin da ya ishe ta ba tare da sayowa daga waje ba, har Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaba masa a 1985. Amma bayan 'yan shekaru sai gidaje da masana'antu da hanyoyi suka yi ta cin gonakin tsibirin Jawa, inda mafi yawan jama'a su ke, ƙasar ta koma sayen shinkafa. Wannan ya dami shugaban. A watan Disamba na 1995 ya sa hannu a kan umarni cewa a mai da hekta miliyan 1 na dausayin Kalimantan ta Tsakiya gonar shinkafa. Faɗin wurin ya yi kusan rabin Jihar Kano.

Masanan ƙasa, na gida da na waje, sun yi gargaɗi cewa shinkafa ba za ta yi a gambut mai zurfi ba. Ba a saurare su ba. Aka fara haƙa tun ba a gama binciken abin da aikin zai jawo wa ƙasar da mutanenta ba, wani sashe na kuɗin kuma daga asusun da aka tanada domin sake dasa itatuwa aka ɗebo shi. Cikin shekara biyu, 1996 da 1997, injuna suka haƙa magudanai manya da ƙanana waɗanda tsawonsu ya wuce kilomita 4,000, watau kamar tafiya daga Kano zuwa Ikko sau huɗu. Babbar magudanar ta haɗa kogin Kahayan da na Kapuwas da na Barito, ta ratsa tsakiyar tudun gambut, har inda zurfinta ya ninka abin da dokar 1990 ta hana taɓawa.

Nufin injiniyoyi shi ne magudanan su kawo ruwan kogi gonaki da rani, su fitar da wanda ya yi yawa da damina. Amma mun riga mun faɗa cewa tsakiyar tudun ya fi koguna bisa, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Saboda haka magudanan suka zama kamar hujin da aka yi a gindin randa. Ruwan da daji ya riƙe shekaru dubbai ya yi ta kwarara cikin koguna dare da rana, babu mai iya tsai da shi.

Aka kwaso iyalai fiye da gida 13,000, da yawansu daga Jawa da waɗansu tsibirai, aka ba ko wane gida fili da ɗaki da iri. Talakawan nan suka yi shuka, amma wahala ta tarye su ta ko'ina. Gambut ba ta da abincin shuka. A wuraren da ba ta da zurfi kuma, ƙarƙashinta akwai wani yumɓu mai ɗauke da farar wuta, wanda muddin yana cikin ruwa ba ya cutar kome, amma da iska ta taɓa shi sai ya fid da tsami mai ƙarfi wanda ke ƙone saiwar shinkafa, ya kashe kifi, ya ɓata ruwan sha. Ɗan abin da ya tsira kuma ɓeraye da ƙwari suka far masa. Mutane da yawa suka bar gonakin, waɗansu suka koma saran itace domin su ci abinci. Magudanan kuwa suka zama hanyar da ɓarayin katako ke bi da jirage suna jan gumagumai daga tsakiyar daji, inda da ba mai iya shiga. Su kuma Dayak suka rasa kududdufansu na kifi da gonakinsu na kara.

Suharto ya sauka daga mulki a watan Mayu na 1998. A 1999 Shugaba Habibi, wanda ya gaje shi, ya soke aikin. Shinkafar da aka samu ba ta taka kara ta karya ba. An soke aiki a takarda, amma magudanai suna nan a buɗe, suna ci gaba da aikinsu.

Wutar Da Ke Ci Ta Ƙarƙashi

Busasshiyar gambut itace ce kawai da aka niƙa, saboda haka tana cin wuta. Manoman can, kamar namu, sun saba ƙona sassabe kafin shuka, domin ita ce hanya mafi araha. Sa'ad da ƙasa ke jiƙe wutar ta kan lashe ganye ta mutu. Da ƙasa ta bushe sai wutar ta riƙa nutsawa ciki. Masu karatu sun san wutar juji ko ta ƙaiƙayi, wadda ba ta da harshe, sai hayaƙi, ka zaci ta mutu, bayan kwana uku ka tone ka tarar da ita ja wur. Haka wutar gambut ta ke. Ta kan yi makonni, har watanni, tana tafiya a ƙarƙashi, ta cinye saiwoyi, itatuwa su yi ta faɗuwa, ta ɓullo can wani wuri mai nisa. Ruwan da a ke zubowa daga jirgin sama ba ya kai gare ta. Ba abin da ke kashe ta sosai sai ruwan damina mai yawa.

A 1997 aka yi babban fari a ƙasashen nan, irin wanda canjin zafin ruwan tekun Fasifik ke kawowa bayan 'yan shekaru, wanda a ke kira El Nino. Ya zo daidai lokacin da aka gama haƙa magudanai. Wuta ta tashi a Kalimantan da Sumatara, hayaƙi ya rufe sararin Malesiya da Singafo da Burunai. A watan Satumba aka kafa dokar ta-ɓaci a Sarawak, aka rufe makarantu da ofisoshi. Ran 26 ga watan nan wani jirgin sama na fasinja ya faɗi kusa da birnin Medan a Sumatara cikin wannan hazo, mutum 234 da ke ciki duka suka rasu. Bayan shekara biyar, a 2002, wata shaihar malama ta Jami'ar Lesta a Ingila, Susan Page, da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa kabon da wutar 1997 ta saki a Indunusiya ya kai tsakanin kashi 13 da kashi 40 cikin 100 na abin da duniya duka ke saki a shekara ta wajen ƙona man fetur da kwal da gas. Mafi yawansa kuwa daga ƙasar da ta ƙone ya fito, na itatuwan da ke bisanta kaɗan ne.

Tun daga nan wutar ta zama baƙuwar ko wane rani mai tsanani. Wadda ta fi tsayawa a zukatan mutane ita ce ta 2015. Bankin Duniya ya ce hekta miliyan 2.6 suka ƙone, wanda ya fi faɗin Jihar Katsina, asarar kuwa ta kai dala biliyan 16, fiye da ninki biyu na abin da aka kashe wajen sake gina lardin Ace bayan ambaliyar teku ta 2004. A birnin Palankaraya, hedikwatar Kalimantan ta Tsakiya, sararin sama ya koma rawaya, mutane suna kunna fitila da tsakar rana. Fiye da mutum 500,000 suka kamu da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Aka rufe makarantu kusan 25,000, yara fiye da miliyan 4 da rabi suka zauna gida, waɗansu har fiye da wata guda. Duk malamin da ya taɓa ƙoƙarin mai da karatun wata guda da ya kuɓuce wa aji ya san nauyin wannan asara. Masana na jami'o'in Habad da Kolambiya a Amurka sun ƙiyasta a 2016 cewa hayaƙin ya gajarta ran mutum wajen 100,000 a Indunusiya da Malesiya da Singafo, ko da ya ke gwamnatocin ƙasashen ba su yarda da wannan adadi ba. A 2019 wuta ta sake cin wajen hekta miliyan 1.6.

Manja Da Takarda

Ba gonar shinkafar kaɗai ke da laifi ba. Abin da ya fi cin dajin gambut daga baya shi ne manyan gonakin kwakwar manja, da na wani itace mai saurin girma, ɗan'uwan bagaruwa, wanda a ke niƙawa a yi takarda. A nan ne labarin ya taɓo mu. Kwakwar manja 'yar Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka kai tsiro huɗu lambun gwamnati na Bogor a Jawa, a 1911 aka buɗe gonar kasuwanci ta fari a Sumatara, a 1917 kuma a Malaya. A farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen manja. Yanzu Indunusiya da Malesiya ke fid da fiye da kashi 8 cikin 10 na manjan duniya, mu ma har muna saye daga waje domin namu ba ya isarmu. Man nan yana cikin sabulu, da biskit, da taliyar yara, da man girki.

Adalci ne mu faɗa cewa mafi yawan gonakin kwakwa ba bisa gambut su ke ba, kuma miliyoyin ƙananan manoma da ita su ke ciyad da iyali, su biya kuɗin makaranta, su je aikin Hajji. Amma wadda aka dasa bisa gambut dole sai an janye ruwa an saukar da shi fiye da rabin mita, domin saiwarta ba ta son kwana cikin ruwa. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa a 1990 daji ya rufe kashi 76 cikin 100 na gambut da ke Sumatara da Borniyo da Malaya, amma a 2015 saura kashi 29, wanda kuwa hannu bai taɓa ba bai kai kashi 7 ba.

Ƙasar Da Ke Nutsewa

Ko ba a yi wuta ba, akwai wata hasara wadda ido ba ya gani da sauri. Da an janye ruwa, iska ta shiga, sai ruɓewar da aka hana shekaru dubbai ta fara. Ƙasar ta kan motse, sa'an nan ta riƙa narkewa tana bin iska. Awon da aka yi a gonakin Sumatara, wanda aka bayyana a 2012, ya nuna ƙasa ta sauka kusan mita 1 da rabi cikin shekara biyar na fari, daga nan kuma wajen santimita 5 ko wace shekara. Shi ya sa a irin gonakin nan a kan ga kwakwa ta karkace, saiwoyinta a waje, ƙasar da ke riƙe da ita ta gudu ta bar ta.

Ba a ƙasashen zafi aka fara ganin haka ba. A gabashin Ingila akwai irin wannan ƙasa, wadda Turawa suka janye wa ruwa domin noma. A 1851, a wani wuri mai suna Holme, aka kafa ginshiƙin ƙarfe aka nutsar da shi har kansa ya yi daidai da ƙasa. Yau ginshiƙin yana tsaye wajen mita 4 a sarari, ƙasa ta sauka ta bar shi. Ingila tana da injunan famfo da kuɗin da za ta yi ta kwashe ruwa. A Sumatara da Borniyo kuwa, inda ruwan sama ya ninka na Ingila sau da yawa, gindin gambut a wurare da dama daidai ya ke da kogi ko teku, ko ma ƙasa da su. Ranar da ƙasa ta sauka ta kai can, ruwa ba zai sake fita ta magudana ba, sai dai ya shigo, wani wuri ma da gishiri. Ashe gonar da aka yi bisa gambut mai zurfi tana da ajali, mai ita yana cin jarinsa ne yana zaton riba ce, 'ya'yansa kuwa kududdufi za su gada.

Ƙoƙarin Gyara

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan hayaƙin ya ishi maƙwabta, ƙasashen yankin suka ƙulla yarjejeniya a kansa a 2002, amma Indunusiya ba ta tabbatar da ita ba sai 2014, ita ce ta ƙarshe. A 2011 Shugaba Yudoyono ya dakatar da ba da sabon izinin sarar daji na asali da na gambut, bayan ƙasar Norwe ta yi alkawarin taimakon dala biliyan 1, a 2019 kuma aka mai da hanin na dindindin. A watan Janairu na 2016, bayan babbar wutar nan, Shugaba Joko Widodo ya kafa hukuma ta musamman, aka ɗora mata gyaran hekta miliyan 2 a larduna bakwai. Hukumar ta yi aiki har ƙarshen 2024. An kuma yi doka cewa kada ruwan gonakin da ke bisa gambut ya sauka fiye da santimita 40 daga doron ƙasa.

Gyaran kansa iri uku ne. Na fari, a toshe magudanai da shingen katako da buhunan ƙasa, ko a cike su, domin ruwa ya sake hawa. Na biyu, a dasa itatuwan asali na wurin. Na uku, a nema wa mutane sana'ar da ba ta bukatar busasshiyar ƙasa, kamar kiwon kifi, da saƙar purun, da tatsar jelutung, da noman wani dabino mai son ruwa wanda a ke samun gari a cikin kututturensa, mai suna sago. Inda aka yi haka da yardar mutanen ƙauye an ga wuta ta ragu. Inda aka yi ba da shawararsu ba, sai su fasa shingen, domin magudanar ta riga ta zama hanyar kwalekwalensu zuwa gona da kasuwa. An kuma keɓe dajin Sebangau, wanda ke maƙwabtaka da tsohuwar gonar, a 2004, ya zama gandun gwamnati, yana kuma cikin wuraren da orangutan suka fi yawa a duniya.

Duk da haka gyara bai kai ɓarna sauri ba. Injin haƙa ya kan buɗe cikin mako guda abin da za a yi shekaru ana toshewa, ƙasar da ta ƙone cikin rani ɗaya kuwa sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin ta sake taruwa. Abin mamaki kuma, a 2020 gwamnati ta sake buɗe wani aikin noman abinci a gundumomin Kapuwas da Pulang Pisau, cikin filin tsohon aikin, amfanin da aka samu kuwa bai kai abin da aka sa rai ba.

Gemun Ɗan'uwa

Dalilin da ya sa labarin nan ya zama na Afirka shi ne abin da aka gano a Kwango. A 2017 waɗansu masana na Ingila da na Kwango, cikinsu har da Simon Lewis da Greta Dargie, suka bayyana cewa a tsakiyar kwarin kogin Kwango akwai gambut wadda ta fi ta ko'ina faɗi a ƙasashen zafi. Awon da aka sake yi a 2022 ya nuna ta kai murabba'in kilomita 167,600, fiye da ninki biyu na Jihar Neja, tana riƙe da kabon wajen tan biliyan 29. Yawancinta har yanzu cikin ruwanta ta ke, mutanen wurin suna kamun kifi da farauta kamar yadda suka gada. A watan Maris na 2018 ƙasashen Kwango biyu da Indunusiya suka sa hannu a Barazabil a kan alkawarin kiyaye ta, aka gayyaci Indunusiya domin ta faɗi abin da ta ɗanɗana. Amma a 2022 gwamnatin Kinshasa ta sa filayen haƙar man fetur a kasuwa, waɗansu a cikin dausayin, ta soke cinikin a 2024, a 2025 kuma aka sake ta da maganar. Mutanen Kwango talakawa ne, suna da hakkin neman arziki, ba mai cewa su zauna da yunwa domin duniya ta sha iska. Abin da a ke fata shi ne ƙasashe masu arziki, waɗanda suka fi kowa ɓata iska, su biya rabonsu na kiyayewa, su kuma shugabanni su dubi Borniyo kafin injin farko ya shiga. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a nan Arewa ba mu da gambut, fadamunmu na laka ne, wuta ba ta cinsu. Amma darasin bai tsaya ga irin ƙasar ba. Shugaban da ya ba da umarnin nan ciyad da jama'arsa ya nufa, injiniyoyinsa sun iya awo, talakawan da aka kai kuma ba ragwaye ba ne. Abin da ya rasa shi ne haƙurin sauraron mutum biyu, masanin da ya auna zurfin ƙasar, da tsohon manomin da ya san dalilin da ya hana kakanninsa noma tsakiyar tudu. Maganarsu kuwa ɗaya ce. Muna roƙon malaman makarantu, musamman masu koyar da labarin ƙasa da aikin gona, su ba almajiransu labarin nan. Su jiƙa soso a gaban aji, su matse shi, su ajiye a rana, yara su ga yadda ya ke motsewa. Cikin yaran nan ne za a sami injiniyoyi da hakimai da ministocin gobe, waɗanda wata rana za a ajiye wa taswirar wani dausayi a kan tebur, a ce su sa hannu. Allah ya sa a ran nan su tuna su tambayi ƙasar da masu ita tukuna, amin.